Bambancin halitta a jijiyoyin jinin zuciya

Bambancin halitta a jijiyoyin jinin zuciya yanayi ne da ake haihuwar mutum da shi, inda jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini suke fitowa daga wani wuri daban ko su bi hanyar da ba tasu ba. A bisa al'ada jijiyoyin biyu ne, ta dama da ta hagu, kuma dukansu suna fitowa daga gindin babbar jijiyar awota. Ana samun wannan bambanci a kusan kashi 1 cikin 100 na mutane. Yawancinsa ba ya cutarwa, amma akwai nau'i biyu masu haɗari.

Fitowa daga jijiyar huhu

A wannan nau'i, jijiyar hagu tana fitowa daga jijiyar huhu, sai zuciya ta rasa isasshen jini mai iskar oksijin. Likitoci uku a Amurka, Bland da White da Garland, sun yi bayaninsa a 1933. Yana samun kusan jariri 1 cikin 300,000. Alamominsa sukan bayyana a wata na biyu ko na uku: kuka da zufa lokacin shan nono, saurin numfashi da rashin ƙiba. Ana iya ɗaukarsa ciwon ciki ne ko limoniya. Idan ba a yi tiyata ba, kusan 9 cikin 10 na jariran suna rasuwa kafin su cika shekara.

Bi ta tsakanin manyan jijiyoyi

A nan jijiyar takan fito daga ɓangaren da ba nata ba, ta ratsa tsakanin awota da jijiyar huhu. Yayin gudu ko wasan ƙwallo tana iya matsewa, abin da ke jawo ciwon ƙirji, suma, ko mutuwar fuju'a ga matashi mai kamar lafiya.

Ganowa da magani

Ana gano shi ta hoton zuciya na eko ko hoton CT, kuma tiyata tana gyara shi. A Jihar Kano, marasa lafiya daga ƙananan hukumomi kamar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa akan tura su manyan asibitocin birni, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitocin zuciya suke. Matashin da ya suma yana tsakiyar wasa yana bukatar binciken zuciya kafin ya koma fili.