Komawa gudu bayan haihuwa

Komawa gudu bayan haihuwa matakai ne da mace ke bi don maido da ƙarfinta kafin ta sake shiga tsere. A ƙasar Hausa, kamar Jibiya da Maraɗi, mai jego kan yi kwana arba'in tana wankan jego, amma tsokokin ƙasan mara kan wuce arba'in ba su gama warkewa ba. A 2019 likitocin gashin ƙashi a Birtaniya sun ba da shawarar a jira aƙalla mako 12, a fara da tattaki. Idan aka ga yoyon fitsari ko zubar jini, a dakata a je asibiti.

Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, kuma ta lashe zinaren mita 1,500 a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021.