Masu zuwa taimako da koyo: wa ya koyar da wa?

Ina ƙarami, a ƙauyenmu tsakanin Tanut da Belbeji, an taɓa sauke wata ɗaliba Baturiya gidan kakata. An ce ta zo taya likita awon yara. To, ta taya ɗin. Amma abin da na fi tunawa, kullum tana bayan Kaka da littafi da bik, tana "Mi ne ne wannan?" Kaka ce ta nuna mata yadda ake jiƙa anza, ana sauya ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita. Bayan wata ɗaya ta koma jami'arta da littafi cike da kalmomi. Kaka kuwa hoto ɗaya aka bar mata.

Sai da na shiga nazarin harsuna na gane wannan labari ya girmi Kaka.

A watan Janairu 1851, Turawa uku sun sauko daga Abzin suka ya da zango a Tagelel, cikin Damargu: James Richardson, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ta turo su neman hanyar kasuwanci da yaƙi da cinikin bayi. Nan suka rabu, Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi Tasawa zuwa Katsina da Kano. Barth ba ɗalibi ba ne, ya ma taɓa koyarwa a jami'ar Berlin. Amma Hausar da ya yi guzuri da ita, bakin fatake da barorin ayari ya tsince ta.

Ɗaya daga cikin masu yi masa hidima daga baya shi ne Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Overweg ya ƴanta shi a Barno. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. Can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana rubuta maganarsa. Nahawun Hausa na Schön na 1862 da littafinsa Magana Hausa na 1885 sun sha daga bakin wannan yaro ƙwarai. Sunan wa ke bisa bangon? Na Schön.

Tafiyar ɗalibai irin ta yau kuwa, Amurka ta taka rawa a cikinta. A 1958 wani fasto baƙar fata, James Robinson, ya kafa Operation Crossroads Africa, yana kawo ɗalibai lokacin hutu su yi aikin gayya tare da samarin Afirka. A Oktoba 1960 John Kennedy ya tambayi ɗaliban jami'ar Michigan ko za su yarda su yi aiki ƙasashen waje, a 1961 aka kafa Peace Corps, wadda muka sani da Corps de la Paix. Ta iso Nijar a 1962. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma jami'ar Boston ta riƙa turo ɗalibanta Yamai, su koyi Hausa ko Zabarmanci, su yi aiki asibiti, lakwal ko wajen masu sana'ar hannu, duk cikin makin karatunsu. A Janairu 2011 aka sace samari biyu ƴan Faransa cikin wani gidan abinci a Yamai, aka kashe su. Cikin watan nan Corps de la Paix ta kwashe mutanenta, shirin Boston ma ya tsaya.

Kar a ce na yi butulci. Mutanen nan sun koyar, sun yi aikin rijiyoyi da lambuna, sun sha rana da hura tare da mu. Wasu sun riƙe amanar harshen har tsufa. Paul Newman, wanda babban nahawunsa na shekarar 2000 ke hannun duk mai nazarin Hausa, da Peace Corps ya fara zuwa Najeriya a 1961. Sai dai a duba ma'aunin da kyau. Baƙon da bai jin magana, bai iya taimakon kowa. Kafin ya auna yaro ɗaya, sai wata ta koya masa gaisuwa, ta gyara masa bambancin "kai" da "ke", ta yi haƙuri da kurakuransa. A Damargu ma aikin ninki ne, don ga Hausa, ga Buzanci, ga Barbarcin Dagra, ga Fulatanci. Wannan koyarwa ce, amma cikin rahoto "karɓar baƙi" ake kiranta. Kuma hanyar gefe ɗaya take: shi ya zo da sauƙi, ɗan gidan da ya sauke shi ya sha wahalar biza.

Idan ƙasa ta lafa baƙin suka dawo, marhabin. Sharaɗi dai uku: a rubuta sunan wanda ya koyar, a biya shi kuɗin malanta, a maido kofen abin da aka rubuta ƙauyen da aka ɗauko shi, cikin harshen da za su ji.

Mu ma ɗaliban Yamai da Damagaram ba mu tsira ba. Mukan je gida hutu da salula, mu naɗi muryar tsofaffi, mu sa "wata tsohuwa, shekara 70" a takarda. Ni kaina na yi haka bara. Bana, in ta yarda, da cikakken sunanta zan rubuta.