Furfura ba ta isa shaida ba

Tun da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, abin da talakan ƙasar Gure ya fi sani game da gwamnati shi ne lanho, wato kuɗin kai. Kumandan yakan fito rangadin ƙidaya, mai gari ya jera iyalai, a rubuta masu biya. Ana ɗauke wa yara da tsofaffi da naƙasassu, amma tunda babu takardar haihuwa, da ido ake yanke wa mutum shekaru. Dattijon da jikinsa bai nuna tsufa ba sai ya ci gaba da biya.

'Yancin kai na 1960 bai taɓa wannan littafi ba. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, shi ya soke kuɗin kai lokacin da arzikin uraniyum ya shigo. Harajin ƙaramar hukuma ya rage, kuma bayan zaɓen 2004 ya koma hannun magadan gari.

Yanzu takarda ake dubawa. Kawuna, manomi a nan ƙasar Bune, sau uku yana zuwa neman a cire sunansa, ana cewa bai kai ba. Shekara huɗu aka rage masa a takardar alƙali ranar da aka sa shi makaranta, don kada a ce ya yi girma.

Iyaye, ku yi wa jariri takarda tun kafin suna ya huce. Mu kuma malamai, mu tuna shekarun da muke rage wa yaro yau, da tsufansa zai biya su.