Yadda Muka Fara Auna Hazo Daga Sararin Samaniya

Hazon da ke ɓoye duwatsun Kagoro da hunturu, ya kuma sauka a kan cittar da aka shanya a Godogodo, baƙo ne daga nesa. Yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi.

Magabatanmu a wannan fanni da ido suke aiki. Ma'aikacin hasashen yanayi zai tsaya a filin jirgin Kano, ya duba iya nisan da yake hangowa, ya rubuta. Ko a sama, ƙura ta fara ne a matsayin cikas: lokacin da kumbon Mariner 9 ya isa duniyar Mas a 1971, ya tarar guguwar ƙura ta rufe ta ruf, sai ƙololuwar manyan duwatsu kawai ake gani.

Na'urar TOMS da aka harba a 1978 ba don ƙura aka ƙera ta ba, iskar ozon take aunawa. Sai a shekarun 1990 aka gane cewa abin da ke dagula mata lissafi a saman Sahara ƙura ce, aka mai da matsalar ta zama ma'auni. Na'urar MODIS ta biyo baya a 1999, amma hasken rairayin hamada yana kashe mata ido, har aka samo dabarar amfani da shuɗin haske. A 2006 tauraron ɗan'adam na CALIPSO ya zo da hasken leza, muka ƙara sanin tsayin da ƙurar take tafiya a kai. Da shi aka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura na barin Sahara ta yamma duk shekara.

Sai dai Kudancin Kaduna na da wuyar sha'ani. A Disamba da Janairu hayaƙin ƙunar daji yana cakuɗewa da hazon. Tauraron ɗan'adam yana shan wuya wajen raba hayaƙi da ƙura, sai an haɗa da na'urar ƙasa mai duban rana. Wadda muka fi dogara da ita a Nijeriya tana Ilorin, kuma iskar Ilorin ba ta Godogodo ba ce.

Shi ya sa nake roƙon Jami'ar Jihar Kaduna ta nemi irin wannan na'ura ta kafa a reshenta na Kafanchan, ɗalibanmu su riƙa kula da ita.