Tarihin Ƙwallon Ƙafa na Ƙwararru a Legas da Zamanin Filin Agege

Ƙwallon ƙafa na ƙwararru shi ne tsarin da ɗan wasa yake riƙe tamaula a matsayin sana'a, bisa yarjejeniya rubutacciya da albashi, ƙungiyar da ta ɗauke shi kuma tana tafiyar da harkokinta kamar kamfani, da kuɗin da 'yan kallo ke biya a ƙofa da na masu talla da na cinikin 'yan wasa. A Najeriya an ƙaddamar da wannan tsari a Legas a 1990, amma farin jinin wasan a birnin ya girme shi da shekaru masu yawa, kuma masu rubuta tarihinsa sukan cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato son ƙwallo, wanda bai taɓa raguwa a Ikko ba, da zuwa fili kallon ƙungiyar gari, wanda ya hau ya sauka fiye da sau ɗaya.

Saɓani na farko a kan shekarar kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa yake. An daɗe ana rubuta 1945 a tambarin hukumar, sai dai jaridar Daily Times ta watan Agustan 1933 ta ɗauki sanarwar taron kafa ta a titin Broad da ke tsibirin Legas, kuma hujjar da aka buga a lokacin da abu ya faru ta fi ƙarfin abin da aka saba faɗa. Abin da ya faru a 1945 shi ne fara gasar Kofin Gwamna, wanda Gwamna Arthur Richards ya bayar, ƙungiyar Marine kuma ta fara ɗaukarsa bayan ta ci Corinthians 1 da 0. Daga nan ne ruɗanin ya samo asali, domin da wannan kofi, wanda daga baya aka sa masa suna Kofin Ƙalubale, hukumar ta zama abin da talakan gari ya san da zamansa. Wasan farko da aka adana labarinsa a ƙasar kuwa a Kalaba aka buga shi a 1904, tsakanin ɗaliban makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila.

Ƙungiyoyin wancan zamani na ma'aikatu ne. Hukumar jirgin ƙasa da ta jiragen ruwa da ta wutar lantarki da 'yan sanda kowacce tana da tata, ɗan wasa kuma ma'aikaci ne da ake biya a matsayin akawu ko makaniki, ko da kowa ya san ƙafarsa ce ta samo masa aikin. Ƙungiyar Railways ce ta mamaye shekarun farko, kuma a cikinta Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa, ya yi tashe kafin ya tafi Ingila. Layin dogon da ya raini wannan ƙungiya shi ne ya bi ta Agege ya kai Kano, shi ne kuma ya bunƙasa zangon Hausawa masu fataucin goro da shanu a Agege, don haka tun da wuri labarin ƙwallon kudu da na arewa hanya ɗaya suke bi. A 1953 tawagar Kano ta ci Lagos Dynamos 2 da 1 a wasan ƙarshe, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. Wasu jerin sunaye na zamani suna rubuta Kano Pillars a gurbin wannan nasara, wanda kuskure ne, tunda ba a kafa Pillars ba sai a 1990.

Ƙungiyar da ta yi fice wajen tara magoya baya na gari, waɗanda ba ruwansu da wata ma'aikata, ita ce Stationery Stores, wadda ɗan kasuwa Israel Adebajo ya kafa a 1958. Ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1967 da 1968, 'yan wasanta ne suka fi yawa a tawagar da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, magoya bayanta kuma sun yi suna da yawa da kuma zafin kai, har ƙungiyoyin da ke zuwa filin Onikan suna shakkar jama'ar fiye da 'yan wasan. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, wato gasar da kowace ƙungiya ke karawa da sauran a tara maki, Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ɗauka a 1978. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere da kofin Afirka na 1980 da Najeriya ta ci a cikinsa sanannu ne, ba sa buƙatar dogon bayani.

A ranar 12 ga Mayun 1990 aka buga wasan farko na rukunin ƙwararru a filin Onikan, inda Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta ci Stationery Stores 2 da 1. Dokokin soja masu lamba 10 da 11 da suka kafa tsarin sun shimfiɗa sharuɗɗa masu kyau a takarda: kowace ƙungiya ta zama kamfani mai rajista da hukumar daraktoci, ta riƙa gabatar da lissafin kuɗinta bayan masu binciken kuɗi na waje sun duba shi, ta raini ƙungiyar matasa, ta kuma mallaki filin wasanta cikin shekara 5, a madadin haka aka ɗauke mata haraji na tsawon wannan lokaci. Shekarun farko sun yi wa Legas kyau, domin Julius Berger ta ɗauki lig a 1991, Stores ta ɗauka a 1992, abin da ya sa wasu ke ɗaukar farkon shekarun 1990 a matsayin ganiyar ƙwallon birnin. Wanda ya duba abin da ke gudana a ƙarƙashi zai ga cewa ginin ya riga ya fara tsagewa.

Tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, albashin gida ya daina riƙe ɗan wasa mai hazaƙa. Stephen Keshi, wanda ya bi ta Kwaddibuwa ya isa Beljiyam a 1986, ya buɗe hanyar da 'yan wasa da dama suka bi, manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Leventis United da Abiola Babes kuma masu su suka rushe su tun kafin 1990. A Disambar 1991 fadar gwamnati ta koma Abuja, daga baya manyan wasannin ƙasa suka bi ta, filin Surulere ya lalace. Sharaɗin mallakar fili ya zama magana kawai. A yawancin jihohi gwamnati ce ta ɗauki nauyin ƙungiya, kamar yadda Kano Pillars, wadda aka samar ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta zama ta gwamnatin jihar Kano, kuma duk da cewa hakan ya saɓa wa manufar dokar, shi ne ya hana waɗannan ƙungiyoyi mutuwa. Legas ba ta da irin wannan madogara, domin ƙungiyoyinta na banki ne da kamfani da iyali. Ƙungiyar ACB ta rushe tare da bankinta, rikicin gado ya durƙusar da Stores, Julius Berger kuma, bayan ta sake ɗaukar lig a 2000, ta mayar da wasanninta Abeokuta, ta faɗa rukuni na biyu a 2006. Daga nan birnin da ya fi kowane birni yawan jama'a a ƙasar ya shafe shekaru da dama ba shi da wakili a babbar gasa.

A cikin wannan giɓi ne talabijin mai tauraron ɗan'adam ya samu wurin zama. Komawar Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da ta Jay-Jay Okocha Bolton a 2002, da ta Mikel Obi Chelsea a 2006, sun ba matasa dalilin zaɓar ƙungiya a Ingila, gidajen kallon ƙwallo, wato rumfunan da ake biyan kuɗi kaɗan a zauna a benci a kalli wasa da wutar janareta, suka yaɗu a Agege da Ogba kamar sauran unguwanni, sashen Hausa na BBC kuma ya riƙa kawo sharhin gasar Firimiya kai tsaye. Kuɗin da a da ake biya a ƙofar fili ya koma hannun mai gidan kallo da kamfanin tauraron ɗan'adam.

Kwatanta wannan da Amurka yana da amfani, domin a kusan lokaci ɗaya ƙasashen biyu suka fara, daga matsaloli mabambanta. Amurka ta ga rushewar babbar gasarta ta ƙwararru bayan kakar 1984, duk da zuwan Pele New York Cosmos a 1975, sannan ta kafa gasar MLS, wadda ta fara da ƙungiyoyi 10 a 1996, bisa alkawarin da ta ɗauka kafin a ba ta karɓar baƙuncin kofin duniya na 1994. Masu kuɗin gasar sun yi shekaru suna asara, suka ƙayyade albashi, suka fara gina filaye na ƙwallon ƙafa zalla daga na Columbus a 1999, sai bayan haka suka nemi manyan sunaye irin su David Beckham a 2007 da Lionel Messi a 2023, a 2025 kuma ƙungiyoyin suka kai 30. Can jama'ar ce babu, aka gina fili aka jira ta. A Legas jama'a tana nan tun zamanin Kofin Gwamna, fili da mai haƙurin zuba kuɗi ne suka yi ƙaranci.

Filin wasa na Agege, wanda gwamnatin jihar ta gina a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ƙarami ne, yana ɗaukar mutum kusan 4,000, kuma ba shi da nisa da Pen Cinema da Ogba, don haka mazauna unguwannin da ke kewaye da ƙafa suke zuwa. Ƙanƙantarsa ta zama alheri a gare shi lokacin da MFM, ƙungiyar cocin Mountain of Fire and Miracles ta Daniel Olukoya, ta samu hayewa babbar gasa a 2015 ta mayar da shi gidanta. Ikorodu United da suka haye tare ta koma ƙasa bayan kaka ɗaya, MFM ma da ƙyar ta tsira a 2016, amma a 2017, ƙarƙashin koci Fidelis Ilechukwu, ta ƙare ta biyu a bayan Plateau United. Stephen Odey ya ci ƙwallo 18 a wannan kaka kafin ya tafi Zurich, ƙwallon da Sikiru Olatunbosun ya ci Rangers kuma tashar CNN ta zaɓe ta a matsayin ƙwallon mako, abin da ya sa aka yi ta yaɗa hoton filin Agege a wayoyin mutanen da ba su taɓa kallon wasan gida ba. Hukumar gudanar da gasar, wadda Shehu Dikko ke shugabanta a lokacin, ta gwada wasannin daren Juma'a a filin, lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa suka tashi kuma ba a karo da wasannin Ingila na Asabar, wanda yana cikin dabaru ƙalilan na wancan zamani da aka yi su da sanin yadda mutumin Legas yake rayuwa. A 2018 MFM ta shiga gasar zakarun Afirka, ta fitar da Real Bamako, ta ci MC Alger 2 da 1 a Agege, sannan ta sha kashi 6 da 0 a Aljeriya.

Ga Hausawan Agege, waɗanda ƙungiyar coci ba ta zama tasu ba sai ta fuskar maƙwabtaka, babbar rana ita ce ranar zuwan Kano Pillars. Pillars ta ɗauki lig a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma kirarinta na Sai Masu Gida yana bin ta duk inda 'yan arewa ke da zango. Wannan ya fito fili a Yunin 2019, da aka kawo wasannin tantance zakara na ƙungiyoyi shida Agege, wato Enyimba da Rangers da Pillars da Akwa United da Lobi Stars da Ifeanyi Ubah. Wasan Pillars da Rangers ya tashi kunnen doki, 1 da 1, bayan bugun fenariti da aka ba Rangers gab da tashi, kyaftin Rabi'u Ali ya tunkari alƙalin wasa, 'yan kallo suka kutsa cikin fili. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 8, ta dakatar da kyaftin ɗin wasa 12, Enyimba kuma ta ɗauki kofin, Pillars ta zo ta biyu. Rahotannin lokacin sun tsaya a kan tarzomar, wadda ba ta da abin karewa, suka wuce abin da ya fi muhimmanci ga tarihin gasar, wato ƙungiyar da ta yi tafiyar kusan kilomita dubu ta tarar da jama'arta a jihar da ake cewa mutanenta sun daina kallon ƙwallon gida.

A 2022 MFM da Kano Pillars suka faɗa rukuni na biyu a kaka ɗaya, tare da Katsina United da Heartland. Pillars ta dawo bayan shekara guda, MFM ba ta dawo ba, babbar gasa kuma ta bar Agege. Sporting Lagos, wadda Shola Akinlade na kamfanin Paystack ya kafa a 2022, ta haye a 2023 ta sauka a 2024, Ikorodu City ta maye gurbinta ta ƙare ta huɗu a kakarta ta farko. Kofin 2025 ya tafi Ikenne a jihar Ogun, wurin Remo Stars ta Kunle Soname, ƙungiya mai zaman kanta da ke buga wasa a filin da ta gina da kuɗinta.