Yadda Rubutun Hausa Ya Samu Ƙa'ida a Ofis da Jarida

Lokacin da Turawa suka fara gudanar da aikin mulki da rubutun boko, kowane jami'i yadda kunnensa ya jiye masa yake rubuta Hausa. Wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa alama a gabansa, wani kuma ko oho. Takarda ɗaya sai ta karantu iri biyu tsakanin Kano da Sakkwato.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya fara tsara dokokin rubutun a 1912. Amma doka a takarda ba ta kama ƙasa sai ta sami masu aiki da ita kullum. Waɗannan kuwa a Zariya aka same su, a Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sai ta zama makarantar da ba ta da allo. Malaman En'e da magatakardan alƙalai da malaman makaranta suna karantawa, hannunsu yana sabawa: a raba "ya" da "tafi", a haɗa "gidansa". A ganina aikin da jaridar nan ta yi ya fi na kowane kwamiti, domin ita ce ta riƙa nuna misali ba fashi.

Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, sannan na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da Nijar. Duk da haka ɗan bambanci ya rage: Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda a yau sanarwa ke fitowa daga ma'aikata babu ƙugiya ko ɗaya, kalmomi a cakuɗe, alhali kwamfuta da wayar hannu duk suna da haruffan. Shugabannin ofisoshi da gidajen jarida, ku ajiye littafin ƙa'idojin rubutu a teburin mai buga takardu, ku kuma sa a duba kowace takarda kafin a sa mata hannu.