Labule Ya Sauka, Kaset Ya Rage: Tarihin Wasan Kwaikwayon Makaranta da Rabonmu a Cikinsa

Da editanmu ya nemi in yi rubutu a kan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu, na so in zame, domin ni ba masanin tarihi ba ne, sakataren ƙungiya kawai na yi na shekara biyu. Abin da ya karya mini gwiwar ƙi shi ne wani abu da na gani a daminar bara. Na je gida Zuru, na buɗe tsohon akwatin ƙarfen da na yi makarantar kwana da shi, sai ga kaset ɗin bidiyo na wasanmu na ƙarshe, na shekarar 1991. Da na leƙa ta ɗan gilashin jikinsa, sai na ga zaren ya yi fari fat da fumfuna. Tun ranar nake tunanin yadda aka yi wasan ɗalibai ya taso daga dandamali har ya shiga kaset, da kuma yadda muka yi sakaci da shi bayan ya shiga.

Tushen abin

Kwaikwayo dai ba makarantar boko ce ta kawo mana shi ba. A ƙasar Hausa akwai tashe da yara da samari kan yi cikin watan azumi, akwai wasan gauta da matan fada kan yi su kwaikwayi sarki da fadawansa, akwai kuma kalankuwa bayan kaka. Mu nan ƙasar Zuru duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Uhola ya ga rawa da kokawa da jerin samarin golmo, ya san cewa Lelna sun iya nuna labari da jiki tun kafin a kafa allo a ƙasar. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu, da dandamali, da labule, da kuma zaunar da 'yan kallo waje ɗaya su fuskanci 'yan wasa.

A shekarun 1930 ne Dokta R. M. East na ofishin talifi a Zariya ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa, don a riƙa yin su a makarantu. A ƙarshen waɗannan shekaru kuma Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa tsara wasanni yana sukar zalunci da cuta a kasuwa da fada, ɗalibai 'yan'uwansa suna nunawa. Ba a buga waɗannan wasanni nasa a lokacin ba, shi ya sa yau sunayensu aka fi sani a kan abin da ke cikinsu. Sai a 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin lardin Sakkwato, wanda ya yi gargaɗi a kan tsabta da kiwon lafiya. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sannan Uwar Gulma da Tabarmar Kunya suka biyo. Da yawa daga cikinmu mun karanta wasu daga cikinsu a aji, mun kuma hau dandamali da su ranar Asabar da dare.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Wasan da aka buga a littafi ya rayu, wanda kuwa aka nuna kawai aka watse, ya tafi da waɗanda suka gan shi. Wannan ita ce matsalar wasan dandamali tun asali: da zarar labule ya sauka, sai labari.

Zuwan majigi da talabijin

Iyayenmu sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da kan zo gari da dare ta kafa farin ƙyalle a fili, ta nuna fim ɗin noma ko na rigakafi. Irin waɗannan ne Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman auduga. A 1962 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, sannan a tsakiyar shekarun 1970 Sakkwato ta sami nata, kafin a haɗa tashoshin ƙasa duka ƙarƙashin NTA a 1977. Ta nan ne muka san su Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Ba sai na gaya wa ɗan Zuru yadda Samanja ya shiga ranmu ba, tun da da wuya ka sami gida a ƙasarmu wanda ba shi da soja ko tsohon soja. A ɗakin kwananmu kowa Samanja ne, kowa na murɗa Hausa irin ta bariki.

Amma kyamarar talabijin ta gwamnati ce, ba ta zuwa makarantar da ke nesa da babban birni don wasan yara. Abin da ya sauya al'amari shi ne kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Kafin ƙarshen shekarun 1980, kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa, mai cin kaset ɗin nan kai tsaye, ta shiga hannun masu ɗaukar biki da suna a garuruwanmu. A Kano ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta ga wannan dama, ta fitar da Turmin Danya a watan Maris na 1990, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Daga ƙungiyoyin dandamali irin wannan ne sana'ar da aka laƙaba wa suna Kannywood a 1999 ta tsiro. Mu ma, da muka ji labarin abin da mutanen Kano suka yi, sai muka ce me zai hana namu wasan ya shiga kaset?

Daren da aka ɗauke mu

Wasan da muka shirya na bankwana a 1991 mu muka tsara shi da kanmu, malaminmu na Hausa ya gyara. Labarin wani saurayi ne da ya shiga golmo, yana noma wa surukinsa gona shekara bayan shekara kamar yadda al'ada ta tanada, shekara bakwai kafin a ba shi mata. Ana saura shekara biyu sai aka zo ɗaukar soja, ya rasa wanda zai zaɓa, kaki ko alkawari. Muka yi shi da Hausa, muka sa waƙoƙin noma da C'lela, wani dattijo mai gadin makaranta ya koya mana su baki da baki a bayan kicin. Allah ya jiƙansa, ko sisin kwabo bai karɓa ba.

Kuɗin mai kyamara karo-karo muka yi, 'yan aji shida suka ba da kaso mafi tsoka, shugaban makaranta ya cika sauran, ya kuma ba da aron janareta. Mai kyamarar ya iso da la'asar a kan babur, ya dubi ɗakin taro ya ce hasken bai isa ba. Aka kwaso fitilu daga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ofishin malamai, aka ɗaura su a jikin gora. Kyamara ɗaya ce tak, abin ɗaukar maganarta kuma a jikinta yake, saboda haka duk mai magana sai ya juyo ya fuskance ta ya ɗaga murya. Wadda ta fito a matsayin amarya, yarinya mai sanyin murya, sai da aka maimaita fitowarta sau uku bayan 'yan kallo sun watse. A tsakiyar fitowa ta huɗu janareta ya shaƙe, ɗaki ya yi duhu, ɗalibai suka sa ihu. Duk wannan yana cikin kaset, domin mai kyamara bai tsayar ba.

Abin da yawancinku ba ku gani ba shi ne aikin da ya biyo baya, wanda ni da mataimakin shugaban ƙungiya muka kwana biyu a kansa a shagon mai kyamarar. A wancan zamani babu kwamfuta. Bidiyo biyu ake haɗawa da waya, ɗaya na juya uwar kaset, ɗaya na naɗa a sabo. In an zo wurin da ba a so, sai a danne na biyun a jira ya wuce, sannan a saki. In hannu ya makara da daƙiƙa ɗaya, sai a koma baya a sake. Sunayen 'yan wasa kuwa a kwali muka rubuta su da alƙalamin zane, muka manna a bango aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ana kaɗa kaset ɗin kiɗa a rediyo daga gefe. Kwalin farko na ɗauke da sunan makaranta, a ƙasa an rubuta Zuru, Jihar Sakkwato. Ba a yi wata uku ba, ranar 27 ga Agusta 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ashe ba mu sani ba, har tarihin jiha muka naɗe.

Kwafi uku muka iya biya: ɗaya na makaranta, ɗaya na malaminmu, ɗaya na ƙungiya, wanda ya zauna a hannuna. Kowane kwafi kuma bai kai uwar kyau ba, domin haka VHS yake, duk naɗin da aka yi daga wani sai hoto ya ƙara dushewa. Uwar kaset ɗin mai kyamara ya riƙe abinsa, kuma ba na shakka biki na gaba ya naɗa a kai, don kaset tsada gare shi. Muka rufe littafin ƙungiya, muka mayar da kayan aro, muka ce mun gama.

Inda muka yi kuskure

Ashe ba mu gama ba. A gefen kowane kaset akwai ɗan harshen roba wanda in aka karye shi, bidiyo ba zai yarda ya naɗi wani abu a kai ba. Ni sakatare ban karye nawa ba. A 1994, lokacin gasar cin kofin duniya a Amurka, wani ƙanena ya rasa kaset, ya ɗauki wannan ya naɗi wasan da Nijeriya ta ci Bulgeriya uku da nema. Da na dawo hutu na sa, sai na ga saurayinmu na golmo ya buɗe baki zai faɗi zaɓinsa, hoto ya yi rawa, sai ga Rashidi Yekini riƙe da raga. Minti ashirin na ƙarshe sun tafi. Na yi faɗa, amma laifin nawa ne. Na makaranta kuma, da na bincika bayan shekaru, an ce ya bi hannun aro bai dawo ba. Saura na malaminmu, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu.

Kada mu ga kamar mu kaɗai abin ya sama. Gidajen talabijin da yawa a duniya, har da BBC ta Ingila, sun goge ɗimbin shirye-shiryensu na shekarun 1960 da 1970 don su sake amfani da zaren. Fim ɗin Shaihu Umar ma, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan dandamali, ya daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan fim ɗin gwamnati ke nan, mai masu nema. Namu fa, wa zai nema in ba mu ba?

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Zaren kaset ba ya son zafi da laima, mu kuwa ƙasar Zuru ta fi yawancin jiharmu samun ruwan sama. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Ke nan ko kaset ya tsira, abin juya shi na ƙarewa a duniya, masu gyaransa kuma suna tsufa.

Roƙona gare ku

Na duba littafin rajista na ƙirga, mu ashirin da uku muka hau dandamali a daren nan. Shida sun riga mu gidan gaskiya, biyu daga cikinsu a bakin aikin soja. Saurayinmu na golmo yana cikinsu. 'Ya'yansa sun girma ba su taɓa jin muryar ubansu yana ɗan shekara goma sha takwas ba, kuma wannan murya tana nan kwance a cikin wani kaset, in fumfuna ba ta cinye ta ba. Haka ma waƙoƙin noman da dattijon nan ya koya mana, waɗanda ko a ƙauye yanzu ba kowane saurayi ya iya su ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da kaset na wasan makaranta, na shekararmu ko na wata, ya fito da shi. Kada ya sa shi a bidiyo in ya ga fari a jikin zaren, domin zai iya tsinkewa, ya kuma ɓata kan na'urar. A ajiye shi a tsaye, wuri mai sanyi marar laima, a karye ɗan harshen nan, a kawo wa shugabannin ƙungiya a taronmu na gaba. Akwai masu sana'ar share zare da juye shi zuwa kwamfuta a manyan garuruwa, kuma kuɗin bai fi ƙarfin karo-karon da muka saba ba. In an juye, a yi kwafi da yawa a rarraba, a rubuta sunan kowa da shekararsa tun muna da masu gane fuskoki. Malamanmu kuma, don Allah a duba cikin kwalaye da kabad. Malaminmu na Hausa, in wannan mujalla ta iso hannunka, almajirinka na roƙo: ƙarshen wasanmu yana wurinka.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya bar mu da zumunci. Wassalam.